Tambayi Likita: Magungunan kashe zafi da ciwon da ya ƙi tafiya

Wasiƙun wannan fitowa duka daga jihar Gombe suka zo, kuma duka a kan magungunan kashe zafin ciwo suke, musamman ga masu cututtukan da ake daɗewa ana fama da su. An taƙaita su, an kuma cire sunaye kamar yadda masu su suka nema. Amsoshin bayani ne na gaba ɗaya, don haka kada kowa ya fara shan magani ko ya daina bisa abin da ya karanta a nan ba tare da ya ga likitansa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar firamare ce, na kusa shekara 40. Na daɗe ina fama da ciwon jiki ko'ina, wuya da kafaɗu da baya da cinyoyi, ga gajiyar da barci ba ya kawar da ita, ga mantuwa. An yi mini gwaje-gwaje duk suka fito lafiya lau, har wani likita ya ce da ni damuwa ce kawai, a dangi kuma wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce jifa. Daga baya wani likitan ya ce cutar faibromayaljiya ce, ya rubuta mini tiramadol mai miligiram 50. Da farko ya yi mini aiki sosai, amma yanzu da na shiga shekara ta biyu sai na sha huɗu ko biyar a rana kafin in iya tsayuwa a aji, kuma ranar da ban sha ba sai gumi da hamma da zawo da rashin natsuwa a ƙafafu. Idan na je saye ana yi mini kallon 'yar ƙwaya. Shin na zama ita ɗin ce? In kuma na bari, da me zan riƙa tashi?
Daga wata malama, Pantami.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kike ji ranar da ba ki sha ba bai isa ya sa a kira ki da wannan suna ba. Duk wanda ya sha tiramadol ko wani magani na danginsa, irin su kodin da mofin, kullum har tsawon makonni, jikinsa zai saba da shi ko da kuwa liman ne ko likita, kuma idan aka yanke masa farat ɗaya jikin zai nuna rashinsa da gumi da hamma da zawo da rashin barci. Jarabar ƙwaya, wadda likitoci suke ɗauka a matsayin cuta mai zaman kanta, da wasu alamomi daban ake gane ta: mutum ya riƙa sha don ya ji wani yanayi a ransa ba don ciwo ba, ya kasa tsayawa a kan adadin da aka yanka masa duk ƙoƙarinsa, ya riƙa ɓoyewa ko yin ƙarya don ya samu, ya ci gaba da sha alhali yana ganin abin yana ɓata masa aiki da zaman gida. Ke ce kika san ko akwai wani abu daga cikin waɗannan a tattare da ke, in kuwa akwai, ki faɗa wa likita ba tare da kwana-kwana ba, domin shi ma ana maganinsa.

Kallon da ake yi miki yana da mafari. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba don jinya ba a cikin shekara ɗaya, kuma a wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Tiramadol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai 50 ne da mai 100, amma wanda yake yawo a tasha da majalisar matasa mai 200 ne ko 225, wanda fasaƙwaurinsa ake yi. Matsalar gaskiya ce, sai dai majinyata irinki su ne suka kwana ciki, tunda mai sayarwa ba ya bambanta ku da waɗancan. Ki riƙa tafiya da takardar likita, ki kuma tsaya wa kantin magani ɗaya mai rajista wanda akwai masanin magunguna a cikinsa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne maganin ya daina yi miki aikin da aka ba ki shi dominsa. A faibromayaljiya babu kumburi a gaɓoɓi ko a tsoka, shi ya sa gwajin jini da hoto suke fitowa lafiya. Matsalar tana wurin jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa, waɗanda suke ɗaukar saƙon zafi suna ninka shi, kamar lasifikar da aka ƙure mata murya har numfashin mai magana ya koma ƙara. Saboda haka matsar da wani ba zai ko lura da ita ba, ke zafi take yi miki na haƙiƙa. Cutar tana samun kimanin mutum 2 zuwa 4 cikin 100, galibi mata, kuma ba ta lalata gaɓa ko ta nakasa ƙashi. Damuwa da rashin barci suna tsananta ta ƙwarai, amma likitan da ya ce damuwa ce kawai bai yi miki adalci ba.

Magungunan dangin mofin ba su dace da irin wannan ciwo ba idan aka daɗe a kansu. Jiki yana sabawa, sai ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, kuma a wasu mutane maganin da kansa yana ƙara wa jijiyoyi saurin jin zafi. Wani ɓangare na sauƙin da kike samu da safe bayan kin sha ma, sauƙin alamomin rashin maganin ne da suka taru cikin dare. Ƙungiyar likitocin amosanin gaɓoɓi ta Turai, EULAR, a shawarwarin da ta fitar a 2017, ta yi hani mai ƙarfi ga masu ƙarfin irin su mofin a wannan cuta, ta bar wa tiramadol ɗan gurbi kawai, kuma abu ɗaya tak da ta ba cikakken goyon baya shi ne motsa jiki. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fi tsanantawa a 2021, inda ta ce kada a fara ba masu irin wannan ciwo kowane magani na wannan dangi. A Amurka kuwa, magungunan da aka amince da su musamman don faibromayaljiya sun haɗa da piregabalin a 2007, da duloksetin a 2008, da milnasipiran a 2009, babu ɗan dangin mofin a cikinsu. A ganina, tiramadol yana iya samun gurbi na 'yan kwanaki idan ciwo ya tashi sosai, amma shan sa kullum har shekara biyu ba hanya ba ce mai ɓullewa.

Duk da haka, kada ki bar shi dare ɗaya. Ƙa'idar da hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sabunta a 2022 ta yi gargaɗi a kan yanke irin wannan magani kwatsam, kuma ga wanda ya fi shekara yana sha, ragin kusan kashi 10 cikin 100 a kowane wata shi ne ya fi sauƙin jurewa. Hakan yana nufin aikin zai ɗauki watanni, kuma likita ne zai tsara miki shi. Akwai dalili na biyu da ya sa ba a yin wannan canji a gida. Tiramadol yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman idan aka haura miligiram 400 a rana, kuma idan aka haɗa shi da amitiriptilin ko duloksetin haɗarin yana ƙaruwa, tare da yiwuwar zazzaɓi da rawar jiki da ruɗewa saboda yawaitar sinadarin serotonin. Haɗa shi da piregabalin ko dayazepam kuma yana iya danne numfashi cikin barci. Don haka kada ki ji sunan wani magani a nan ki saya ki ɗora a kan wanda kike sha.

Game da abin da za ki riƙa tashi da shi, likita zai iya gwada miki amitiriptilin kaɗan da dare, miligiram 10 zuwa 25, wanda yana da araha kuma yana gyara barci, ko duloksetin, ko piregabalin. Sai dai ki san iyakarsu tun yanzu: a gwaje-gwajen da aka yi wa piregabalin, waɗanda suka samu sauƙi mai yawa sun fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta da kimanin mutum 1 ne cikin 10. Idan an gwada ɗaya na makonni bai yi ba, a ajiye shi a tsanake a koma wani. Na san yadda shawarar motsa jiki take sauka a kunnen wadda tashi daga tabarma ma aiki ne a wurinta, amma ita ce ta fi kowace hujja. Ki fara da tafiya ta minti 5 zuwa 10 bayan asuba kafin ranar Gombe ta buɗe, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako, kuma kada ki zage ki yi aikin kwana uku a ranar da kika tashi da sauƙi, domin washegari jiki zai rama. Makonnin farko ciwon yana iya ɗan ƙaruwa kafin ya lafa. Idan ba a taɓa duba miki aikin maƙoƙo da yawan jini da bitamin D ba, ki nemi a duba, tunda ƙarancinsu yana kawo gajiya da ciwon jiki masu kama da naki.

Tambaya: Likita, barka da aiki. An ce mahaifiyata tana da amosanin gaɓoɓi irin wanda garkuwar jiki take haddasawa. Yatsunta da wuyan hannayenta suna kumbura, da safe kuma sai su sandare. A asibiti an ba ta metotireksat a ce ta sha sau ɗaya a mako, ta sha na makonni uku ba ta ga canji ba, sai ta koma haɗin da wani mai kemis yake ƙulla mata a leda, wanda cikin sa'o'i kaɗan take warwarewa. Yanzu fuskarta ta yi kumari har maƙwabta suna cewa ta murmure, amma an auna an ce sugarta ta hau, kuma tana kukan zafin ciki. Wanne za mu riƙe?
Daga wani ɗa, Kumo.

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa kula da Hajiya. Ku riƙe na asibiti, amma da sharaɗi. Kumarin fuska da hawan suga alamomi ne na deksametazon ko pirednisolon, wato dangin abin da ake kira sha-ka-fashe, zafin cikin kuma ya yi kama da aikin diklofenak ko ibupurofen ko piroksikam, waɗanda masu haɗi sukan zuba biyu ko uku a ƙulli ɗaya, alhali haɗa su ba ya ƙara sauƙi, gyambon ciki da lahanin ƙoda kawai yake ƙarawa. Abin da maƙwabta suke gani ba murmurewa ba ce. Idan aka ci gaba, bayan suga akwai hawan jini da yanar ido da raunin ƙashi da saurin kamuwa da cututtuka.

Sharaɗin shi ne kada ku ƙwace ledar yau. Wanda ya sha deksametazon ko danginsa kullum fiye da makonni uku, jikinsa yakan rage samar da nasa sinadarin na kotisol, kuma yanke shi kwatsam yana iya kayar da hawan jini har rai ya shiga haɗari. Ku ɗauki ƙullin yadda yake ku kai wa likita cikin makon nan domin a gane abin da ke ciki a tsara ragewa. In kuwa bahayarta ta koma baƙa wuluk, ko ta yi aman jini, ko jiri yana ɗibarta idan ta miƙe, to wannan zubar jini ne a ciki, a kai ta sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.

Hajiya ba ta yi rashin hankali ba da ta zaɓi abin da ya ba ta sauƙi, bayani ne bai isa gare ta ba. Metotireksat ba maganin kashe zafi ba ne. Aikinsa shi ne kwantar da garkuwar jikin da take cin rufin gaɓoɓi, kuma yakan ɗauki makonni 6 zuwa 12 kafin a ji amfaninsa. Haɗin kemis yana danne zafi ne yayin da cutar take ci gaba da cin gaɓa, kuma yatsan da ya riga ya karkace babu maganin da zai miƙar da shi, shi ya sa watannin farko suke da muhimmanci. Likitoci da kansu sukan ba da pirednisolon kaɗan na ɗan lokaci kafin metotireksat ya kama, amma da awo da ranar dainawa. Idan za ta koma kan metotireksat, ku ware masa rana ɗaya sananna a mako, misali Juma'a, domin shan sa kullum bisa kuskure yana kisa. Ana haɗa shi da folik asid a wata ranar daban, ana duba jini da hanta da ƙoda lokaci-lokaci, ana gwada ciwon hanta nau'in B kafin a fara, kuma ba a shan sa tare da Septrin, wanda mutanenmu suke saye don tari ko zawo ba tare da tambaya ba. Likitocin amosanin gaɓoɓi kaɗan ne a ƙasar nan, don haka ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, sashen likitocin manya.

Tambaya: Likita, ina da cutar lupus, ina shan haidiroksikulorokwin kullum, ranar da gaɓoɓi suka tashi kuma in sha diklofenak. Ina son in yi azumin bana, kuma ban daɗe da aure ba, muna fatan haihuwa. Me ya kamata in kiyaye?
Daga wata amarya, Tudun Wada.

Amsa: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Haidiroksikulorokwin shi ne ginshiƙin jinyar lupus, wato cutar da garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi jikin da kansa, ana iya mayar da shan sa bayan buɗa-baki, kuma ana ci gaba da shi har da juna biyu, domin barin sa yana sa cutar ta tashi. Abin da yake buƙata shi ne a riƙa duba miki bayan ido, saboda yana iya taɓa shi idan aka yi shekaru ana sha. Diklofenak ne abin tsoro. Lupus tana kama ƙoda a cikin majinyata da yawa ba tare da sun ji komai ba da farko, kuma diklofenak yana rage jinin da ke zuwa ƙoda, to ina ga an haɗa shi da ƙishirwar yini guda a lokacin zafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun kafin watan ya kama ki je a gwada fitsarinki a ga ko akwai furotin, a duba aikin ƙoda da hawan jini. Idan duk lafiya kuma cutar tana kwance, mutane da yawa suna azumi lami lafiya. Idan ƙoda ta taɓu ko cutar tana tashe, Alƙur'ani ya yi wa majinyaci rangwame a cikin Suratul Baƙara, kuma malamai za su yi miki bayanin ramuwa ko ciyarwa.

Don zafi na yau da kullum parasitamol ya fi miki aminci, muddin bai wuce giram 4 a rana ba, wato ƙwaya 8 masu 500, ƙasa da haka ga mai ƙaramin jiki ko mai ciwon hanta, tare da lura cewa magungunan mura da yawa akwai shi a cikinsu. Batun ciki kuwa, an fi so a ɗauke shi bayan cutar ta yi aƙalla wata 6 a kwance. Ki nuna wa likita duk abin da kike sha, domin metotireksat da maikofenolet suna yi wa ɗan tayi lahani, diklofenak da danginsa kuma ana guje musu daga mako na 20.

Tambaya: Likita, matata tana da amosanin gaɓoɓi. Wata maƙwabciya ce take yi mata allurar pentazosin idan ciwo ya tsananta, yanzu kusan kullum take nema, cinyoyinta sun yi tauri har da gyambo. Na yi niyyar in hana maƙwabciyar shigowa in kulle ƙofa. Hakan ya yi?
Daga wani magidanci, Bajoga.

Amsa: Alhaji, niyyarka ta alheri ce, amma kulle ƙofa shi kaɗai zai bar ta da ciwo biyu, na gaɓoɓi da na rashin allurar, kuma mai wannan hali yakan nemo wata hanya a ɓoye. Pentazosin ɗan dangin mofin ne, an san shi da kama mutum, kuma likitocin ƙasar nan sun sha ganin wannan taurin tsoka da gyambo a wurin masu sikila da suka daɗe a kansa. Taurin yana iya kai wa ga gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Ka kai ta asibiti a wannan makon, ka faɗi adadin allurar da take karɓa ba ragi ba ƙari, a wanke gyambon a duba ko ya kama ƙwayoyin cuta, a mayar da ita kan abin sha wanda za a riƙa ragewa a hankali. Idan an haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa kada ku ɗauka an ce ta haukace, su ne suka ƙware a raba mutum da irin wannan magani. Sannan ka tambayi likita ko tana kan maganin da ke kwantar da cutar kanta, irin metotireksat ko salfasalazin, domin in ba a kula da kumburin ba, zafin da ya kai ta ga allurar yana nan.